Kwana Uku Ba Wanka a Sabon Banɗaki

'Yata, saƙonki ya iso, ƙanenki ya karanta mini har sau biyu. Wai mai aikin tayil ya ce kada ko ɗigon ruwa ya taɓa sabon banɗakinku har kwana uku kafin ya shafa wa dutsen giranet ɗin maganin da ke hana shi shan ruwa, shi ne kike tambaya ko camfi ne na tarewa a sabon gida. Na yi dariya har da ƙwalla. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, ashe mun raine ku ba ku taɓa ganin daɓe ba.

Ina 'yar shekara 9 a Zariya aka yi wa ɗakin amaryar yayanmu daɓe. Tun da sassafe matan unguwa suka cika gida, kowace da madaɓinta. An baza jar ƙasa da tsakuwa, ana yayyafi ana bugu, ana waƙa ana yi wa dangin amarya habaici, bugun yana tafiya da waƙar kamar an sa kalangu. Ni aikina ɗauko ruwan makuba, ɓawon ɗorawa ne da aka jiƙa har ya rine. Shi ake yayyafawa, ƙasa ta sha ta yi duhu, ta yi sulɓi, ruwa ya daina ratsa ta. Da aka gama Inna ta saki asabari, ta tokare ƙofar da turmi. Ni kuwa da rawar kai, da yamma na lallaɓa na shiga. Sawuna ya zauna daram a tsakiyar ɗaki, yatsu biyar cif. Na sha tsumagiya ranar. Amarya ta yi shekaru tana rufe wurin da tabarma, in ta gan ni sai ta ɗaga ta nuna wa baƙi.

Inna takan ce, "Mai ƙishi ke shan magani, wanda cikinsa ya cika da ruwa tofarwa yake yi." Da na gaya wa kawunki, shi da ya yi aikin gini, ya ce ai dutsenku ma haka yake. Ko da ya kai dutsen Kufena tauri yana da 'yan ƙofofi da ido ba ya gani, simintin da ke tsakanin tayil ma ya fi shi sha. In aka shafa maganin da danshi, ba zai shige ba, sai ya bar dabbare-dabbare. Ya ce bayan shekara ki ɗiga ruwa a kai, in wurin ya yi duhu cikin minti 10 ko 15, lokacin sake shafawa ya yi. Kuma ki raba shi da lemun tsami da ruwan asid ɗin wanke masai, suna cinye maganin da simintin. Sabulun ruwa mara ƙarfi ya isa.

Abin da ke damuna da ku, ku yi wanka ku ja ƙofa ku fice, taga a rufe, ruwan bohol ya bushe a bango ya bar fari-fari, lungu ya yi baƙi, sannan ku ce mai aiki ya cuce ku. Tsumma ɗaya, a goge bango, a buɗe taga, wannan ma sai an yi muku wasiƙa?

Batun camfi kuwa, Inna ba ta taɓa bari a kwana a sabon ɗaki ba sai an yi sadaka, in kin zo zan ba ki labarin. Kafin nan, bokitin da na sa miki a kayan gara yana nan ko kin bayar?