Ku Tambayi Gareji: Bidiyon Duba Mota Kafin a Kama Aiki

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni bakanike ne a Agege. Yawancin masu kawo min mota a Ikeja ko Apapa suke aiki, su ajiye ta da safe su wuce. In na kira na ce birki ya cinye ko bol-joyin ya mutu, sai a ce ai jiya lafiya lau take. Na fara tura musu bidiyo ta WhatsApp, amma suna cewa ba sa gane komai. Ina gyaran yake?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kai ka san abin da kake kallo, mai mota kuwa baƙin ƙarfe kawai yake gani, wanda zai iya zama na kowace mota a Legas. Abu biyu ake so bidiyon ya tabbatar masa: motarsa ce, kuma lalacewar tana da ma'aunin da zai gani da idonsa.

Ka fara daga lambar motar, ka leƙa ciki ka nuna yawan kilomita, mizanin mai da duk fitilar gargaɗin da ke kunne, sannan ka taka zuwa wurin matsalar ba tare da ka tsayar da ɗauka ba. Bidiyon da aka yanka aka haɗa yana buɗe ƙofar zargi, ko da kai mai gaskiya ne. Kafin haka ka goge idon kyamara da tsumma mai tsabta, domin giris ɗin yatsa shi ke sa hoto ya yi hazo. A ƙarƙashin mota, filashin waya yana ƙyalli a kan ƙarfe mai maiƙo ya ɓoye tsaga. Ka sa yaronka ya haska tocila daga gefe. In ka isa wurin, ka taɓa fuskar waya ta daidaita hoton, ka tsaya cak daƙiƙa 5.

Sai ma'auni, kuma nan ne aikin yake. Sabon fad ɗin birki kaurinsa kan kai milimita 10 zuwa 12, ana canzawa in ya sauka zuwa 3. Ka ajiye sabo kusa da tsohon, ko ka sa rula. Ka nuna na ciki da na waje, domin in kalifa, wato ƙarfen da ke matse fad ɗin, ta maƙale ɗaya yakan cinye ya bar ɗaya. Bol-joyin kuwa a tsaye ba ya nuna komai. A ɗaga mota, a tokare ta da ƙarfen tokara, kada a dogara da jak kaɗai. Wani ya kama taya sama da ƙasa ya girgiza, kai kuma wayarka na kan mahaɗar, ba kan tayar ba. Don tayarod, dama da hagu ake kamawa. In yoyon baƙin mai ne, a wanke wurin tukuna, a bar inji ya yi aiki kamar minti 10, sannan ka ɗauka daga sama zuwa ƙasa. Baƙin mai gangarowa yake yi, shi ya sa ake ɗora wa gasket ɗin ƙasa laifin da na murfin saman inji ne. Ga taya, ka nuna zurfin zanenta, wanda bai kamata ya gaza milimita 1.6 ba, da lambobi 4 na gefenta: 2319 na nufin mako na 23 na shekarar 2019.

Kowace matsala da bidiyonta, minti ɗaya ko ɗaya da rabi. Ka faɗi abin da ya lalace, abin da zai biyo baya in an bar shi, da ko zai iya jira zuwa ƙarshen wata. Wannan na ƙarshen muna ganin shi ne ya fi saya wa bakanike amana. Kuɗin kaya da na aiki ka rubuta su daban, kada ka kama aiki sai ya amsa a rubuce.

Tambaya: Mota ta tana gareji a Mushin. Bakaniken ya turo min bidiyon na'urar gano matsalar mota ta nuna lamba P0420, ya ce sai an canza "indomi", kuɗin kuma ba kaɗan ba ne. In yarda? Daga wata Hajiya a Idi-Araba.

Amsa: Hajiya, ki dakata tukuna. Wannan lamba cewa take matatar hayaƙin da ke jikin salansa, wadda ake kira "indomi", ba ta aiki yadda ya kamata, amma ba ta faɗi dalili ba. Huda a salansa ko lalacewar sensan iskar oksijin na iya kawo ta. Ki nemi ya sake ɗauka, ya nuna lambar shasi mai haruffa da lambobi 17 da ke ƙasan gilashin gaba, da na'urar a jone da motarki. Sannan ya buɗe karatun sensan oksijin da ke bayan matatar, inji na aiki kuma ya yi zafi. In matatar na da lafiya, karatun yakan zauna kusan wuri ɗaya. In yana hawa da sauka da sauri tsakanin 0.1 da 0.9 bolt, ta gaji da gaske. Ki tambaya ko akwai P0300 ko 'yan'uwanta, wato inji na tsallake wuta. In ba a gyara fulogi ko koyil ba, ɗanyen fetur zai ƙone sabuwar ma. In ta kama a sayi matatar a kasuwar kayan mota ta Ladipo, ya ɗauki sabuwa da tsohuwa gefe da gefe, kuma tsohuwar taki ce, tana da kuɗi, a dawo miki da ita.

Tambaya: Ƙarar da nake ji a inji ba ta fita a bidiyo. Me zan yi? Daga mai koyon aiki a Mile 12.

Amsa: Yaro, janareto da gudumar maƙwabta suna danne ta. Ka ɗauka da sassafe inji na sanyi, lokacin da ƙarar fanbel da ta sarƙar inji suka fi fita, kuma ka yi shiru sai ka gama. Ka nisanta hannu da waya daga fanka, tana iya tashi da kanta. In sai a kan hanya ƙarar ke zuwa, wani ya tuƙa, kai ka ɗauka.

Tambaya: Bidiyona yana dushewa in na tura. Kuma zan iya sa shi a TikTok don talla? Daga mai gareji a Alaba Rago.

Amsa: Malam, WhatsApp yana matse bidiyo don rage nauyi. Ka zaɓi HD, ko ka tura shi a matsayin fayil, zai isa yadda ka ɗauka. Ɗauka a 720p ta wadatar, ba ta kuma cinye data. Ka adana kowanne da lambar mota da kwanan wata, zai yi maka amfani in gardama ta taso kan ƙarzuwar fenti ko man tanki. Batun talla, sai da izinin mai mota. Najeriya na da dokar kare bayanan mutane ta 2023, don haka ka rufe lambar mota da lambar shasi, kada takardun da ke cikin motar ko fuskar kowa su fito.