Ƙananan ɗabi'un da ke sanyaya rai

Ɗan'uwa, ka tambayi abin da mutum zai riƙa yi kullum domin ransa ya yi sanyi, tunda kwanakin nan kana tashi da ƙuncin zuciya.

Ni dai zumunci na fi ba muhimmanci. Jami'ar Harvard ta Amurka tana bibiyar rayuwar wasu mutane tun 1938, kuma binciken ya nuna cewa masu kyakkyawar alaƙa da jama'a sun fi samun farin ciki da lafiya har tsufansu. Duk yammacin Juma'a nakan je wurin gwaggona, in zauna a gefen tabarma tana tsince shinkafa muna hira, kuma ban taɓa komowa gida da nauyin da na fita da shi ba.

Sai tafiya a ƙasa. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba manya shawarar motsa jiki aƙalla minti 150 a mako, kuma bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi, tafiyar ta fi daɗi. Da dare kuwa, ka ajiye waya nesa da shimfiɗarka domin ka sami barcin awa 7.

Idan ƙuncin ya wuce mako 2 yana hana ka ci ko barci, don Allah ka ga likita.