Yadda za a mayar da hoto abin taɓawa ga mai larurar gani

Malam, ka tambaya ko akwai yadda ƙanenka da ba ya gani zai ji daɗin hotunan da kake ɗauka. Akwai, amma sai ka rage wa hoton kaya.

Yatsa ba ya bambance layi biyu idan tazararsu ba ta kai kamar milimita 2 zuwa 3 ba. Saboda haka ka buɗe hoton a kwamfuta, ka mai da shi baƙi da fari, ka share inuwa da duk abin da ke baya, ka bar siffar babban abu ɗaya da layuka masu kauri. Inuwa ce ke yawan ɓata aiki: ido ya san inuwa ce, yatsa kuwa sai ya ɗauka wani abu ne daban.

Sannan ka buga a takarda mai kumbura, wadda fuskarta ke ɗauke da ƙananan ƙwayoyi masu tashi idan sun ji zafi. Tawadar dole ta zama baƙa mai sinadarin kabon, don ita ke zuƙar zafin. Ka saka a na'urar ɗumamawa, wuraren baƙin kaɗai za su taso. Zafi ya yi yawa, farin wurin ma ya yi ƙuraje. Ya yi kaɗan, layin ya kwanta.

Kada ka miƙa masa kawai ka yi shiru. Faɗa masa ina ne sama, sannan ka ɗora yatsansa a wuri guda, misali haɓar mutum, ya bi daga nan.

In yana son ɗauka da kansa, VoiceOver na iPhone, wato tsarin da ke karanta allon waya da murya, yana faɗin adadin fuskokin da kyamara ta kama, ɗumin rana a kumatunsa kuma ya nuna masa inda haske yake.