Wai kwamfutar kwantum makami ce irin nukiliya?

Tambaya daga wani mai karatu a Kubwa, Abuja: Salam Malam, na ji ana cewa manyan ƙasashe suna rige-rigen ƙera wata kwamfuta wai ta kwantum, har Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2025 a matsayin shekarar wannan ilimin. Shin bam ce, kuma mu ina ruwanmu?

Amsa: Wa'alaikumus salam ɗan'uwa. Ba bam ba ce, ba ta fashewa, kwamfuta ce da ke lissafi da ɗabi'ar abubuwa ƙanana ƙwarai irin ƙwayar zarra, ilimin da ake kira kwantum. Inda za ta yi ɓarna shi ne wajen sirri, kuma wallahi abin ya kai a damu.

Ka ga kuɗin da kake turawa ta manhajar banki, saƙonnin ofisoshin jakadanci, umarnin da sojoji ke aika wa juna, dukkansu da lissafi aka kulle su, irin tsarin kulle bayanai da ake kira RSA, wanda kwamfutar yau sai ta yi shekaru dubbai tana fama ba ta ɓalle shi ba. To a 1994 wani masanin lissafi Ba'amurke, Peter Shor, ya nuna cewa in kwamfutar kwantum ta ƙasaita za ta warware wannan lissafin ba wata wahala. Har yanzu ba wadda ta kai nan, ko Willow, na'urar kwantum da Google ya fitar a Disambar 2024, kubit (ma'aunin girman irin wannan kwamfutar) 105 gare ta, da sauranta sosai. Amma fa ba sai an jira ba, yau ɗin nan ƙasa za ta iya kwashe saƙonnin abokiyar gabarta a kulle ta adana, ran da injin ya samu ta buɗe su ɗaya bayan ɗaya, ai sunayen 'yan leƙen asiri da zanen makamai ba sa tsufa cikin shekara goma.

Akwai kuma na'urorin awo na kwantum masu jin ƙaramin canjin maganaɗisu, wannan ya fi ba ni tsoro. Abin da ke hana masu nukiliya far wa juna shi ne jiragen ƙarƙashin teku masu ɗauke da nukiliya da ba wanda ya san inda suke, kowa na tsoron ramuwa. In aka wayi gari ana iya gano su, wani zai ga gara ya riga harbi. Wannan dai ana matakin bincike tukuna.

Shi ya sa ake tseren. Chana ta harba tauraron ɗan'adam na sadarwar kwantum mai suna Micius a 2016, a 2017 aka yi hirar bidiyo tsakanin Beijin da Biyana, babban birnin Ostiriya, wadda aka kulle da makullin sirri na kwantum. Amurka kuma a Satumbar 2024 ta tsaurara dokar fitar da kayan kwantum zuwa waje.

Sai batun ina ruwanmu, muna da ruwa har tsaki. BVN da NIN ɗinka zanen yatsunka ne a ciki, shi kuwa yatsa ba a canza shi kamar lambar sirri, wanda ya sata yau zai more shi nan da shekara ashirin. Magani kuma akwai shi, a Agustan 2024 hukumar NIST ta Amurka ta fitar da sabbin ma'aunai 3 na kulle bayanai da aka tsara don su jure wa kwantum, kyauta ne, kuma a kwamfutocin da muke da su suke aiki. Manhajojin aika saƙo na Signal da iMessage tuni sun fara amfani da irinsu. A ganina ya kamata CBN da NIMC da hukumar fasahar sadarwa ta NITDA su fara lissafa tsarukansu da ke kan tsohon makulli tun yanzu, don sauya makullin ƙasa guda aikin shekaru ne. Kai kuma naka ɓangaren, duk sanda waya ko manhajar banki ta ce ka sabunta ta, ka daure ka sa data ka sabunta.