Ban Samu Likitanci Ba, Ko Akwai Makoma a Binciken Cututtukan Tsutsotsi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina aji biyu a jami'a. Likitanci na nema, sai aka ba ni ilimin dabbobi, a gida kuwa kowa gani yake na yi asara. Wani malaminmu ya ce in duba fannin cututtukan da tsutsotsi da ƙwari ke haddasawa. Shin akwai aiki a nan, ko sai wanda ya zama likita?

Amsa: Wa'alaikumussalam, 'yata. Ba ki yi asara ba. A shekarar 2015 mutum uku suka raba kyautar Nobel ta fannin lafiya saboda magungunan irin waɗannan cututtuka, kuma babu likitan asibiti ko ɗaya a cikinsu. William Campbell abin da kike karantawa ya karanta. Shi da Satoshi Omura na Japan ne aikinsu ya haifar da ivermectin, maganin makantar da ƙudan bakin rafi ke jawowa. Ta ukun, Tu Youyou ta ƙasar Sin, daga wani ganye dangin tazargade ta fitar da sinadarin da ake maganin zazzaɓin cizon sauro da shi a yau.

Dalilin kuwa a fili yake. Likita yana ganin cutar ne bayan ta shiga jikin mutum, alhali rabin rayuwarta a waje take yi. Sammore da ciwon barci suna cikin ƙudan tsando, tundurmi da gwaiwa sauro ke ɗauko su, tsargiya kuma sai ta kwana a jikin ƙaramin dodon koɗi kafin ta huda fatar mai wanka a kududdufi. Wa zai san inda waɗannan halittu ke hayayyafa, da lokacin da suke yawa? Irinki.

Wuraren aiki akwai su. Cibiyar binciken sammore da ciwon barci tana Kaduna tun 1947, da reshe a Vom ta Jihar Filato. Jami'ar Ahmadu Bello tana da cibiyar cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, a can ne ma marigayi Farfesa Andrew Nok ya yi suna kan ƙwayar sammore, shi ma ba likita ba. Akwai cibiyar binciken lafiya ta CERMES a Yamai, da cibiyar Noguchi a Gana, ga ma'aikatun lafiya na jihohi da ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter. Ba zan ɓoye miki ba, albashi ba ya taka kara ya karya a farko, kuma da digiri ɗaya ba za ki wuce mai taimaka wa wasu ba. Sai kin yi na biyu, kin yi na uku, kin koyi rubuta takardar neman tallafin bincike.

Abin da na fi so ki riƙe shi ne tsargiya. A wurare da yawa da aka datse ruwa don noman rani, tana nan. Muna karɓar fitsarin 'yan makaranta tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da ƙwan tsutsar da ke jawo ta ya fi fita, mu tace, mu duba a madubin awo. Ƙwan yana da 'yar ƙaya a ƙarshensa, wanda ya gan shi sau ɗaya ba ya mantawa. Yara maza ba sa ɓoye fitsarin jini, a wasu ƙauyuka ma alamar balaga ake ɗaukarsa. Mata fa? Ƙwan yana maƙalewa a mahaifa da al'aura, ya kawo ciwon mara da zubar jini, wani lokaci har ya hana haihuwa. Sai a ce sanyi ne, ko a zargi mace da abin da ba ta yi ba, alhali praziquantel ne maganinta. Na sha zama a ƙofar gida da takardar tambayoyi a hannu, ba ni da ikon shiga, in ma an fito ba za a gaya mini gaskiya ba. Ke da Hausarki da mayafinki, har ƙuryar ɗaki za ki shiga. Wannan gurbi ne da nake jin ciwon ganinsa a buɗe.

Kada kuma wani ya ce miki aikin ba ya ƙarewa. A ƙarshen shekarun 1980 an ƙirga masu kurkunu sama da 650,000 a Nijeriya, zuwa 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar babu shi. Ba allura ba ce ta yi wannan, tace ruwa ne da bin ƙauye ƙauye. A 2025 Nijar ta zama ƙasar Afirka ta farko da aka tabbatar ta rabu da makantar bakin rafi.

Tun yanzu, ki je wurin malamin nan da ya ba ki shawara, ki roƙe shi ya riƙa tafiya da ke aikin ƙauye ko da ɗaukar kwalabe ne. Ki zauna da ma'aikatan ɗakin gwaji har idonki ya saba da madubi, kada ki raina darasin ƙididdiga, a nan ɗalibanmu suka fi faɗuwa. Idan lokacin horon aiki ya zo, ki nemi Kaduna ko Vom da wuri, kafin gurabe su cika.