Keken hawan dutse ya fara tsagewa, garanti zai cece ni?

Tambaya: Salamu alaikum Malam. Na sayi keken hawan dutse na hannu a kasuwar Maradi, irin waɗanda ake kawowa daga Kwatano, ina zuwa Tibiri da shi kullum. Yanzu na ga wani siririn layi kamar gashi a ƙasan sirdi, mai shagon ya ce kar in damu wai kamfanin na bada garanti. In ci gaba da hawa? Daga wani ɗan unguwar Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Don Allah ka sauka daga keken nan tukuna. Garantin yawancin kamfanonin nan na wanda ya fara saye ne sabo da rasit a hannu, kai kuwa na hannu ka saya, kuma ko da ya shafe ka ai garanti ba ya ɗora ƙashi in ƙarfen ya balle kana gudu.

Wanke wurin, ka haska tocila, ka sa alama da biro a ƙarshen layin, in ya wuce alamar to tsagewa ce ba fenti ba. Sai ka kanga mayen ƙarfe a jikin. In ya kama, ƙarfe ne, mai walda zai iya gyarawa. In bai kama ba galibi alminiyam ne, shi kuwa bayan walda sai an sake gasa shi a tanda ta musamman, in ba haka ba nan gefen zai sake buɗewa.

Duba sandar sirdin ma, akwai layin da ba a so a ɗaga ta ya wuce, dogayen mutane na yawan yin haka kuma shi ke tsaga wurin.