Amsa ga ƙanwata ta Ƙaura Namoda: kamfani ko bugun kai?

Wa alaikumus salam, ƙanwata. Kin ce kin kammala labarinki na farko bayan shekara biyu kina fama da shi, kuma kin rasa ko ki kai wa kamfanin ɗab'i ko ki tara kuɗi ki buga da kanki. Barka da sauke nauyi. Ni malamar makaranta ce a nan Gusau, littattafaina uku suka fita, kowanne da hanyar da ya bi, don haka bari in faɗa miki abin da na gani da idona.

Da farko a raba aya da tsakuwa, domin kalmar "kamfani" tana ruɗa sababbin marubuta. Kamfanin ɗab'i na gaskiya shi ne wanda zai karanta rubutunki, in ya yi masa ya ɗauka, ya biya mai gyara, ya biya mai zanen bango, ya buga, ya kai kasuwa, sannan ya riƙa ba ki wani kaso daga cinikin, galibi kusan kashi 10 cikin 100. Ko sisi ba ya fita daga jakarki. Wanda kuwa zai ce ki kawo kuɗin takarda da na faranti (fallen ƙarfen da ake ɗora hoton shafuka a kai don injin ya buga) da na ɗinki, wannan maɗaba'a ce, ko da ya manna tambarinsa a bayan littafin. Ba laifi ba ne, sana'arsa ce. Laifin shi ne ki biya komai, sannan ki sa hannu a takardar da ta ba shi haƙƙin mallakar labarin. Tambayoyi biyu za ki riƙe: wa ke biya, kuma haƙƙin a hannun wa zai zauna?

Irin kamfanin farko ba su da yawa a wajen ƙagaggun labaran Hausa. Tun gasar da Hukumar Talifi ta shirya a 1933, zuwa kamfanin Gaskiya, zuwa kamfanin ɗab'i na Arewa, wato NNPC, da aka kafa a Zariya a 1966, hankalin manyan masu ɗab'i ya fi karkata ga littafin da makarantu za su saya, saboda a nan ciniki yake da tabbas. Abin da ya sa ke nan marubutan Kano suka fara buga nasu da kansu tun cikin shekarun 1980, har aka laƙaba wa abin suna adabin kasuwar Kano. An yi ta yi musu gori, amma su ne suka sa matan aure da 'yan mata karatun Hausa a cikin ɗakunansu. Saboda haka kada kowa ya ce miki bugun kai abin kunya ne. Da shi yawancinmu muka tashi.

Ni ma kamfani na fara nufa. Na aika rubutuna, aka ce yana hannun masu dubawa. Wata shida, wata tara, shekara ta zagayo. Kullum na kira sai a ce in ƙara haƙuri. Daga ƙarshe suka ce labarin ya yi kyau, amma sai in sayi kwafi 500 da kuɗina kafin su buga. Na karɓi abina na dawo gida.

Sai zuciya ta ɗebe ni. Na sayar da 'yan kunnena na gwal, na haɗa da kuɗin adashi, na tafi Kano na buga kwafi 1,000. Mai maɗaba'ar ya ce mini gaskiya, ban musa ba: sau ɗaya ake yin farantai ko kwafi 200 za a buga ko 2,000, don haka yawan bugu shi ke sauke kuɗin kowane kwafi. Abin da bai faɗa mini ba, kuma ba aikinsa ba ne ya faɗa, shi ne wa zai saya. Ranar da katan-katan suka iso tasha na ji kamar in yi guɗa. Bayan wata uku su ne dai a ƙarƙashin gado, maigidana yana tsokanata wai na zama mai gadin takarda. Na kai wa masu shagunan littattafai, duk suka ce a ajiye, sai an sayar a biya. Wani har yau ban ga kuɗina ba, kuma ban ga littattafan ba. Na yi bikin ƙaddamarwa, manya suka tashi suka sanar da dubbai, aka yi ta tafi. Da na bi sawu, rabin alkawuran a cikin zauren taron suka kwana. Da damina ta zo, laima ta ci katan biyu, gara ta taɓa na uku.

Amma abin da ya fi ci mini rai ba kuɗin ba ne. Kurakurai ne. Ni kaɗai na karanta abina kafin bugu, kuma ido ba ya ganin laifin ɗan da ya haifa. Inda ya kamata a raba "ba ta" na haɗe, ƙugiyoyin ƙ da ɗ da ɓ sun zube a babi guda saboda kwamfutar maɗaba'ar ba ta da irin haruffan da na yi amfani da su, har "ƙafa" ta koma "kafa". Wata jarumar ma sunanta ya canja a tsakiyar labari. Wani malamin Hausa ya nuna mini a gaban ɗalibai, cikin ladabi dai, amma na so ƙasa ta tsage. Wannan shi ne babban abin da kamfani na gaskiya yake ba marubuci, wato ido na biyu. To shi idon nan ana iya sayensa. Ki je sashen Hausa na wata kwaleji ko jami'a, a Gusau ko Sakkwato, ki sami wanda ya san ƙa'idojin rubutu, ki biya shi. In kuɗinki bai kai na gyara da na bugu ba, ki biya na gyara, bugu ya jira.

Wata magana kuma da ta shafe mu mutanen nan yamma. Littafina na biyu wani ƙaramin kamfani ya ɗauka, ya kuma biya komai, Allah Ya saka masa. Sai dai mai gyaransu ya bi bakin tsohuwar da ke cikin labarin ya wanke shi tas. Inda ta ce "mi kaka so" ya mayar "me kake so", "shina nan" ta koma "yana nan", "ɗiyata" ta koma "'yata". Tsohuwar Maradun ta tashi tana magana kamar mai karanta labarai a rediyo. Mun yi ta ja har muka tsaya a kan cewa bayanin marubuciya ya bi daidaitacciyar Hausa, zancen mutane kuma a bar shi da Zamfarancinsa. In kin bi ta kamfani, ki sa a rubuta a yarjejeniya cewa ba za a buga ba sai kin ga gyaran ƙarshe. Ki duba kuma shekara nawa za su riƙe littafin, da ko sun haɗa da haƙƙin mayar da shi fim ko karanta shi a rediyo. Kada ki ba da waɗannan kyauta.

Na ukun ne na yi da hankali. Na fara sakin shafuka kyauta a WhatsApp da Facebook, na ga inda masu karatu suke ɗoki da inda suke yin shiru, na gyara. Sannan na ce mai son na takarda ya biya tun kafin bugu. Da adadin waɗanda suka biya na je maɗaba'a, na ƙara kaɗan a kai, na buga 200 da irin injin nan da ba ya buƙatar faranti. Kowane kwafi ya fi tsada, amma babu wanda ya kwana a ƙarƙashin gado. Ta waya ma ana sayarwa, sai dai ki sani mutum ɗaya zai saya ya watsa wa ɗari, kuma rantsuwar da ake sa mutane ba ta hana komai. Kada kuma ki jingina da manhaja guda. Manhajar sayar da littattafai ta OkadaBooks da marubuta da yawa suka dogara da ita ta rufe a 2023. Ki ajiye asalin rubutunki a wuri biyu ko uku.

In za ki buga da kanki, ki nemi lambar ISBN, wato lambar shaidar littafi, daga Ɗakin Karatu na Ƙasa da sunanki, ba da sunan maɗaba'a ba, sannan ki kai musu kwafi 3 da doka ta ce a ajiye. Ki sa a fitar miki da kwafin gwaji guda, ki karanta shi daga bango zuwa bango kafin ki ce a ci gaba. Kada kuma ki biya kuɗin aiki duka a tashi ɗaya.

Da ni ce ke, zan ba mai gyara labarin yanzu. In ya dawo, in aika wa kamfani ɗaya ko biyu waɗanda na riƙe littattafansu a hannuna na ga ingancinsu, in ba su wata shida. A cikin watannin nan ina tara masu karatu a waya. In sun amsa da yarjejeniya mai kyau, madalla. In shiru, in buga ɗari biyu.

Shafi nawa labarin ya kai? Ki faɗa mini, domin masu bugu da sha shida-sha shida suke lissafin shafuka, kuma wani lokaci rage shafi uku kacal yana sauke miki kuɗin faranti guda.